Kyanwarka Taka Ce, Tawa Tawa Ce: Ladabi Da Adalci A Wasan Kyanwoyin Daji Na Intanet

Idan aka ce wa mutum akwai dubban yara da matasa, har da wasu manya, waɗanda kan raba dare a gaban kwamfuta ko wayar hannu suna kwaikwayon rayuwar kyanwoyin daji, abin da zai fara zuwa masa shi ne dariya. Ban hana kowa darawa ba. Sai dai ina roƙon mai karatu, in ya gama, ya ba ni aron hankalinsa na ɗan lokaci, domin a cikin wannan wasa akwai wata tambaya da ta dace da duk wani ɗalibin adabi: idan mutum ashirin suka taru suna rubuta labari guda, ba marubuci ɗaya, ba alƙalin wasa, ba kofin da za a ci, wa ke da ikon cewa ga abin da ya faru?

Bari mu fara daga tushe. A shekarar 2003 ne kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya fitar da littafi na farko a jerin littattafan yara da ake kira Warriors, wato Mayaƙa. Sunan da ke bangon littafin shi ne Erin Hunter, amma wannan suna ne na aro. Wasu mata ne 'yan Birtaniya suka faro aikin, Victoria Holmes tana tsara zubin labari, Kate Cary da Cherith Baldry suna rubutawa, daga baya wasu marubutan suka shigo. Labarin na kyanwoyi ne irin namu na gida, amma waɗanda ke zaman kansu a daji, sun kasu dangi huɗu: Dangin Tsawa, Dangin Kogi, Dangin Iska da Dangin Inuwa. Kowane dangi yana da iyakar ƙasarsa, da shugaba mai rai tara, da mataimaki, da mai magani wanda ke tsayar da jini da yanar gizo-gizo. Ba sa lissafi da shekara, da wata suke yi, kuma sai ɗan kyanwa ya cika wata 6 kafin a ba shi malamin da zai koya masa farauta da faɗa. Duk daren da wata ya cika sukan ajiye gaba su haɗu wuri ɗaya a yi taro. Suna da dokokin da suke kira ƙa'idar mayaƙi, wadda a cikinta akwai cewa tsofaffi da masu shayarwa da ƙanana su ake fara ciyarwa, kuma mayaƙi mai mutunci ba sai ya yi kisa ba kafin a ce ya ci yaƙi.

Duk wanda ya dubi wannan tsari zai ga cewa ƙofarsa a buɗe take. Akwai muƙamai, akwai iyakoki, akwai tsarin raɗa suna, saboda haka ba a daɗe ba masu karatu suka fara ƙirƙiro nasu kyanwoyin suna shiga da su. A yau ana yin wannan wasa a zaurukan Discord, manhajar hira da ta fito a 2015, ana kuma yin sa a Roblox, inda akwai wasan Warrior Cats: Ultimate Edition da aka ƙaddamar da izinin masu littafin a 2021. Yadda abin yake shi ne, kowa zai ƙirƙiri tauraronsa, ya ba shi suna da kama da hali da tarihi, sannan a riƙa rubutu bi da bi. Ni in rubuta abin da kyanwata ta yi, kai ka rubuta martanin taka, wata can a Kanada ko Filifin ta ɗora nata. Labari ɗaya yakan ɗauki watanni, wani ma shekaru.

To, a nan gizo ke saƙa. A ce muzuruna, mu kira shi Tokar-Dare na Dangin Inuwa, ya tsallaka iyaka ya kama ɓera a ƙasar Dangin Tsawa, sai taka kyanwar, Ƙayar-Rafi, ta ritsa shi. Faɗa ya zama dole. Akwai hanya biyu da zan iya rubuta abin da ya biyo baya. Zan iya cewa: Tokar-Dare ya daka tsalle, ya kai farce yana nufin kunnen Ƙayar-Rafi. Ko kuma in ce: Tokar-Dare ya daka tsalle, ya yage kunnen Ƙayar-Rafi, ta faɗi tana kuka, ta ruga da gudu. Bambancin kalmomin kaɗan ne, amma a ganina dukkan ladabin wannan wasa a tsakaninsu yake. A jimla ta farko na faɗi abin da nawa ya yi, na tsaya, na bar maka fili ka ce ya samu ko ta goce. A ta biyu kuwa na shiga gonarka. Na yanke wa kyanwarka kunne, na sa mata kuka a baki, na sa mata tsoro a zuciya, alhali wataƙila wata shida ka yi kana gina ta a matsayin wadda ba ta ja da baya. Kusan duk zauren da aka san shi da tsari ya haramta wannan ɗabi'a, wadda ni zan kira ta jan akalar wani.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ba rubutu ba ne kawai? Tarihin intanet ya riga ya amsa wannan tun kafin a haifi yawancinmu. A 1990 wani masanin kwamfuta mai suna Pavel Curtis ya buɗe wata duniyar rubutu zalla da ake kira LambdaMOO a cibiyar bincike ta Xerox da ke Kalifoniya a Amurka. A 1993 wani ɗan wasa ya yi amfani da wata dabara da ke sa rubutunsa ya fito kamar wasu ne suka yi shi, ya tilasta wa taurarin wasu mutane aikata abubuwan cin mutunci a gaban jama'a. Ba a taɓa jikin kowa ba, amma ɓacin ran da ya biyo baya na gaske ne. Jama'ar wurin suka yi taro, aka yi ta muhawara, a ƙarshe aka share tauraron mai laifin, daga baya kuma aka kafa tsarin kai ƙorafi da jefa ƙuri'a. Ɗan jarida Julian Dibbell ya rubuta labarin a jaridar The Village Voice a ƙarshen wannan shekarar, kuma har yau masu nazarin zamantakewar intanet suna komawa gare shi. Abin da ya fito fili shi ne, mutum yakan sa wani yanki na kansa a cikin tauraron da ya ƙirƙira, kuma wanda ya karɓe akalar tauraron ya taɓa mai shi. Yage kunnen kyanwa bai kai wancan muni ba, ko kusa, amma jijiya ɗaya suka fito.

Sai dai ba na son mai karatu ya ɗauka cewa da an hana jan akala shi ke nan an gama. Akwai wata cutar da ta fi wannan yawa, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ita ce ta ɗan wasan da kyanwarsa ba ta faɗuwa. Ka kai farce, ta goce. Ku taru ku uku, ta goce muku duka. Ka turo ta daga kan dutse, ta dira a kan ƙafafunta ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Wata takwas gare ta amma ta fi shugaban dangi iya faɗa, idanunta kala biyu, kakanni sun yi mata wahayi tun tana jaririya, kuma duk muzurun dajin yana mutuwar son ta. Turawa suna kiran irin wannan tauraro Mary Sue, sunan da ya samo asali daga wani gajeren labarin barkwanci da Paula Smith ta rubuta a 1973 don yi wa masu rubutun Star Trek ba'a. Ni gagarau zan kira shi.

Abin lura shi ne, gagarau bai taɓa kyanwar kowa ba. Dokar da ta ce kowa ke da ikon tauraronsa ita ce ma garkuwarsa. Kai ka ce naka ne ikon kai hari, shi kuma ya ce nasa ne ikon cewa bai samu ba, kuma kullum bai samu ba. A bisa harafin doka ba shi da laifi. A bisa gaskiya kuwa ya kashe wasan, domin labarin da aka san ƙarshensa tun daga jimlar farko ba mai son ya ɓata datarsa a kai. Ya mayar da sauran 'yan wasa kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, sun zama 'yan kallo a cikin labarin da su ma suke rubutawa.

Ga abin mamaki: littattafan da gagarau ke cewa yana so ba haka suke ba. Tigerstar, mugun da ya fi kowa ƙarfi a zangon farko, a littafi na shida da ya fito a 2004 wata ƙaramar kyanwar birni ta farke shi, rayukansa tara suka tafi a zama ɗaya. Firestar, jarumin da aka faro labarin da shi tun yana ɗan kyanwar gida, marubutan sun kashe shi a 2012. Akwai makaho a cikin manyan taurarin, akwai wadda mota ta karya wa ƙafa ta koma aikin magani, akwai wadda karnuka suka lalata wa rabin fuska. Waɗannan su ne masu karatu suka fi riƙewa a zuciya. Idan masu labarin sun iya sadaukar da jaruminsu, ban ga dalilin da zai sa wani ya hana a ja wa kyanwarsa ko da layi ɗaya a hanci ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ikon da doka ta ba ka a kan tauraronka amana ce, kuma hanyar sauke ta ita ce ka riƙa yarda da faɗuwa. Gwanin wannan wasa shi ne wanda zai rubuta da hannunsa cewa farcen abokin gaba ya samu, jini ya zuba, kyanwarsa ta koma gida tana ɗingishi. Wanda ya yi haka bai yi asara ba. Ya ba mai magani aikin yi, ya ba shugaba dalilin yin fushi a taron cikar wata, ya ba ɗalibin kyanwarsa dalilin ƙudurta ramuwa, ya kuma samu tabon da za a yi ta tambayarsa labarinsa har wata goma masu zuwa. Daga faɗuwa ɗaya mutum biyar sun samu abin rubutawa. Wanda ya goce kuwa, me ya bari a baya? Jimla ɗaya, sai shiru.

Na san abin da za a ce mini: wannan wa'azi ne, kuma wa'azi ba ya raba gardama. Idan mu biyu duk muka ƙi faɗuwa fa? Gaskiya ne, shi ya sa zauruka da yawa suka koma ga ɗan lido. Dabarar tsohuwa ce, an aro ta daga wasan Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson wanda ya fito a 1974, inda ake jefa ɗan lido mai fuska 20 don a san ko sara ya samu. A Discord na'ura ce ke jefawa, kowa yana gani, ba mai cewa an yi masa coge. Ba na ƙin wannan, musamman a wurin da baƙi suka yi yawa. Amma magani ne na inda yarda ta yi ƙaranci, kuma yana da nasa aibin, domin ɗan lido bai san jigo ba. Yana iya ba ɗalibi ɗan wata bakwai nasara a kan tsohon mayaƙi sau uku a jere, labari ya zama shirme. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a fita wajen labari a yi magana kafin a fara: wa zai ci, wane irin rauni aka yarda da shi, ina za a tsaya. Kisa kuwa, ko nakasa ta har abada, yawancin zauruka sun ce sai da izinin mai tauraro, kuma daidai ne. Wasu na ganin shirya sakamako tun farko yana rage armashi. Ni ban gani ba. 'Yan wasan kwaikwayo sun san ƙarshen wasa tun ranar gwaji, wannan bai hana su sa mu kuka ba.

Amma izinin nan ma yana da iyaka. Idan ka sa kyanwarka ta shiga tsakiyar sansanin abokan gaba ita kaɗai, ta zagi shugabansu, ta kai wa jariransu hari, ba ka da bakin cewa kada a taɓa ta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Akwai kuma wadda mu ɗalibai ba sai an yi mana dogon bayani ba, wato satar amsa. Kai ɗan wasa kana karanta duk abin da ake rubutawa, saboda haka ka san cewa wasu muzurai biyu sun ƙulla makirci a bayan kogi. Kyanwarka kuwa tana barci a sansani, ba ta ji ba, ba ta gani ba. Idan gari ya waye ta tafi kai tsaye ta tona asirin, ka saci amsa. Ka ɗauki sanin da ke kanka ka cusa a kanta, ka kuma rushe ginin da wasu suka yi mako uku suna yi.

Wannan raba tsakanin mutum da tauraronsa shi ne kuma ke kare wanda ya ɗauki matsayin mugu. Labari ba ya tafiya sai da azzalumi, kamar yadda tatsuniya ba ta daɗi in ba Gizo da wayonsa. Amma sau da yawa za ka ga an tsani ɗan wasa don muzurunsa maci amana ne, ko kuma ka ga wani ya ji haushin mutum a wajen labari sai ya huce a kan kyanwarsa a ciki. Duka biyun kuskure ne. Hasali ma, wanda ke riƙe da mugu shi ya kamata ya fi kowa ladabi a wajen labari, domin shi ne kullum ke neman izinin cutar da taurarin wasu, kuma shi ne ya san tun farko cewa ƙarshensa faɗuwa ce. Masanin tarihin nan ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya lura a littafinsa Homo Ludens na 1938 cewa jama'a sun fi sassauta wa mai maguɗi a kan wanda ya ɓata wasa, domin mai maguɗi ko ba komai yana nuna ya yarda akwai wasan, shi kuwa ɗayan ya rushe duniyar gaba ɗaya. Wanda ya shigo da rigimar waje cikin daji, ko ya sa kyanwarsa ta ɗauko bindiga ana tsakiyar jana'izar shugaba, yana cikin kashi na biyu.

Ya zuwa nan 'yan wasa nake ta yi wa faɗa, kuma zai zama rashin adalci in ƙyale masu riƙe da zaure. Su ke rubuta doka, su ke korar mai laifi, kuma aikin sa kai suke yi ba mai biyan su, wannan a yaba musu. Amma sau nawa mai dokar barci yake ɓigewa da gyangyaɗi? A zauruka da dama za ka tarar wanda ya buɗe zauren shi ne shugaban dangi, babban abokinsa shi ne mataimaki, ƙawarsa ita ce mai magani, duk wani annabci kuma a kan kyanwoyinsu yake sauka. Sabon shiga zai yi wata uku yana farautar ɓera ba wanda ya tanka masa. Wannan ma gagaranci ne, sai dai ya sa rawani. A littattafan farko maganar shugaba ita ce doka, amma su kansu marubutan, a littattafan baya-bayan nan, sun gyara ƙa'idar mayaƙi har suka buɗe hanyar tsige shugaban da ya kauce. Zauren da ke son ya daɗe sai ya raba muƙamin cikin labari da ikon hukunci na waje, ya kuma bayyana yadda ake samun muƙami tun kafin a nema. Wani nauyin da ke kansu, wanda ya fi duk waɗannan, shi ne na yara. Discord ya sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga, Roblox kuwa cike yake da waɗanda ba su kai haka ba. Babban da ke jan yaro zuwa hirar sirri da sunan soyayyar kyanwoyi ba maganar ladabi ba ce kuma, kora ce nan take tare da kai rahoto.

Saura abu guda wanda ya shafe mu kai tsaye, mu da ke shiga daga wannan yanki na duniya. Yawancin zaurukan da Ingilishi ake rubutu, kuma wasunsu suna kasa 'yan wasa aji-aji bisa tsawon rubutu da ƙwarewar nahawu, har a ce kada ka aiko da abin da bai kai sakin layi kaza ba. Ba na jayayya da cewa kowane zaure yana da ikon zaɓar salonsa. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da tsawo ma'aunin gwaninta. Sakin layi biyar a kan yadda hasken wata ke sauka a gashin kyanwa, ba tare da an bar wa abokin wasa ko ƙofa ɗaya ta shiga ba, bai kai jimla uku masu ɗan kuskuren nahawu da suka jefa tambaya suka jira amsa ba. Wanda Ingilishi ya zame masa harshe na biyu ko na uku yakan zo da abin da zauren ba shi da shi, kuma gyara masa rubutu a gaban jama'a ba tare da ya nema ba rashin ta-ido ne.

Haka batun lokaci. Tsakanin Legas da New York akwai tazarar awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara. Idan aka sa taron cikar wata ƙarfe 8 na dare a can, nan ƙarfe 1 ko 2 na tsakar dare ne, ga mai lacca ƙarfe 8 na safe. Ƙara da ɗauke wuta da ƙarewar data. Zaurukan da ke da dokar cewa wanda bai yi rubutu ba cikin 'yan kwanaki za a ƙwace muƙaminsa, ko a ba wani kyanwarsa, ya kamata su san cewa ba kowane shiru ne lalaci ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙa juya lokacin taro, ko a bar fagen a buɗe kwana biyu kowa ya sa nasa. Mu ma kuma akwai namu. Idan jarrabawa ta matso, ko ka san za ka yi tafiya inda ba sabis, kada ka bar mutum huɗu tsaye a tsakiyar faɗa suna jiran farcenka ya sauka. Rubuta layi ɗaya a wajen labari ka ce za ka yi mako biyu, sannan ka sa kyanwarka ta taka ƙaya, mai magani ya kwantar da ita a kogonsa har ka dawo.